Kada A Yi Mata Wankin Ciki

Tas! Marin da Hajiya Rahmatu ta zabga wa surukarta Zakiyya, har maƙwabta a Dutsen Kura sun ji.

"Munafuka! Wata uku da ɓari jini bai tsaya ba? Ƙwayoyi kike afawa don kada ki haifa wa ɗana Sharif komai!"

"Wallahi Hajiya ba haka ba ne," in ji Zakiyya cikin kuka. "Dakta Magdalene ta yi min sikanin, ta ce jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a mahaifata. Ta ce kada a kuskura a yi min wankin ciki, ƙarfe na taɓa su za su fashe..."

"Rufe min baki! Ni da na haifi tara za ki koya wa? Datti ne ya rage, yau sai an wanke shi!"

Ashe ta zo da wani mai kemis da jakar ƙarafansa. Maiwada, yayan Sharif, ya danna wa ƙofar gida sakata, ya ja Zakiyya ɗaki tana ihu.

Wata maƙwabciya ce ta buga wa Sharif waya a shagonsa na walda. Da guduma ya ɓalle ƙofar da shi ya ƙera ta. Maiwada ya tare shi da naushi, haƙori ya fita, ya ƙara masa da kujera a gadon baya. Sharif bai rama ba, ya dai ture shi ya faɗa ɗakin. Innalillahi! Mai kemis ya riga ya fara, jini ya jiƙe katifa, gogan naka kuwa ya haura katanga.

Hajiya ta cakumi wuyan rigar Sharif. "Ka fita da ita, ban yafe maka ba!"

"Ki yi haƙuri Hajiya, ki dake ni in mun dawo." Ya sungumi matarsa sai Keke Napep.

Hajiya da Maiwada suka biyo su asibiti, Dakta Magdalene ta ja Hajiya gaban na'ura, ta nuna mata wani curi mai ja da shuɗi. "Mama, kin ga abin da kika sa aka tsokana? In ba a samu jini yanzu ba, ko mu cire mahaifar ko mu rasa Zakiyya."

Jinin Sharif bai yi daidai ba. Na Maiwada ne ya yi, ya miƙa hannun da ya kumbura da dukan ƙaninsa yana hawaye. Da jinin ya lafa aka wuce da Zakiyya Abuja, aka zura siririn bututu ta jijiyar cinya aka toshe jijiyoyin, mahaifa ta tsira.

Bayan shekara biyu Zakiyya ta haifi Amatullah. Ranar da tsofaffi suka zo wa mai jego da tulin jiƙe-jiƙe, Hajiya ta tokare ƙofa da tsintsiya. "Ba mai taɓa min 'ya sai likita ta ce!"

Sharif ya yi dariya, giɓinsa a waje. Haƙuri da iyaye wajibi ne, amma ba a yi musu biyayya a kan ran mutum.