Ƙullin Tokar Ilyasu

A gidan Alhaji Sulaimanu na unguwar Jambutu, cikin Garwa, ba a wuce ƙofar ɗakin 'yarsa Lauratu ba a ji ƙamshi ba. Yarinya ce mai tsafta. In ta yi wanka ta shafa man kaɗanya, ta zizara kwalli, sai ta tsuguna kan kasko turaren wuta ya ratsa ta. Rana ɗaya ta ajiye kaskon da kwalbar humra, ta koma sabulun salo kawai.

Goggo Kaltumi, yayar Alhaji, ita ta fara lura. Da ta tambaya, Lauratu ta sunkuyar da kai ta ce Ilyasu ne ya ce matar da za ta zauna a daji gara ta saba da rashin turare. Ilyasun nan mai bin sawun namun daji ne a gandun dajin Binuwai, saura wata biyu a ɗaura musu aure.

Ran Juma'a ya zo gaisuwa. Yana durƙusawa sai wani ƙullin tsumma ya faɗo daga aljihunsa. Goggo ta ɗora ƙafa a kai har ya tafi, sannan ta kwance. Toka!

"Sulaimanu, zo ka ga abin da aka yi wa 'yarka," in ji ta. "Yarinyar da ko rijiya ba ta zuwa sai da humra? Asiri ne."

Alhaji ya ce in haka ne, Juma'a mai zuwa a mayar da kayan sa-rana. Lauratu ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta ɗaga wa kowa murya ba, ita ma ba ta san amfanin tokar ba. Abu ɗaya ta roƙa, Goggo ta je ta ga wurin aikinsa da idonta. Goggo ta yarda, ta ce can za ta kama shi da bokansa.

Ran Talata Alhaji ya sa direbansa ya kai su. Lauratu ta shafa man kaɗanyarta kawai. Goggo kuwa da gangan ta juye rabin kwalbar humra a mayafinta. Ilyasu ya tarbe su da murna, ya shaƙi iska, ya roƙi Goggo cikin ladabi ta bar mayafin a mota a ba ta wani.

"Tun kafin a haifi babanka nake sa turare," ta ce. "Wuce mu tafi."

Suka bi shi a ƙasa zuwa bakin kogi. Lauratu sai waige-waige take, daɗi kamar ya kashe ta. Ga barewa ta gilma, ga gwaggon biri ya zauna kan dutse yana hararar su, ga dorinar ruwa can ta hangame baki. Har ta manta da zancen Juma'a.

Sai Ilyasu ya tsaya cak. Giwa ce da ɗanta, taku kamar hamsin a gabansu. Ya zaro sabon ƙulli daga aljihu ya kaɗa. Goggo ta damƙe hannun Lauratu, wai ga shi nan ya fara. Tokar ta tashi siririya, ta nufi giwar kai tsaye. Nan take giwa ta ɗaga hanci sama, ta baje kunnuwa, ta tura ɗan bayanta.

"Goggo, iska na kai mata ƙamshinki," ya ce a hankali, bai ko juyo ba. "Don Allah mayafin."

Wannan karon ba gardama. Goggo ta zare mayafin, Lauratu ta yi maza ta cire gyalenta ta lulluɓe ta. Ilyasu ya miƙo hannu ta baya, idonsa na gaba, ya karɓi mayafin ya rataya a ƙaya. Ya ja su gefe cikin sanɗa, yana kaɗa toka yana duba inda ta nufa, har suka koma inda iska ke busowa daga giwar zuwa gare su. Daga bayan wata kuka suka leƙa. Giwar ta zo da gudu, ƙasa na girgiza, ta fizge mayafin da ƙayar gaba ɗaya, ta tattake, ta yi kururuwa, sannan ta ja ɗanta suka shige daji.

Goggo ta zauna daɓas tana salati. Da numfashinta ya dawo ta ce a ba ta ƙullin, ta kaɗa da kanta, ta bi tokar da kallo.

"Tokar murhu ce?"

"Ta murhun innata, Goggo."

A gida Goggo ta tara kowa ta ba da labari, ba ta rage ko nata wautar ba. Ta ce yaron bai harba bindiga ba, bai gudu ya bar su ba, kuma ko a gaban giwa bai kalli kanta babu lulluɓi ba. Wanda ya taɓa kayan sa-rana, da ita zai yi.

Ranar kai amarya Goggo da hannunta ta turare Lauratu har hayaƙi ya cika ɗaki.

"Yau a Garwa kike," ta ce. "Gobe ki wanke."

To ku 'yan mata, ku dubi Lauratu. Da ta yi wa iyayenta tsiwa, da ba wanda zai taka zuwa daji dominta. Haƙuri da ladabi suka kai ta ɗakinta. Mu manya ma ban ƙyale mu ba: abin da ba ka sani ba, tambaya kafin ka ɓata sunan ɗan mutane.