Hular Litinin ta Dawakan Komani

Duk wanda ya zauna garin Komani na Afirka ta Kudu a shekarun nan ya san Mcebisi Ntlabati, kocin Dawakan Komani, kuma ya san abin da bakinsa ya jawo masa. Har yau idan aka ambaci sunansa a wurin gasa nama, sai hira ta mutu.

Shekarar da abin ya faru, Dawakai sun buga wasan zari-ruga tara, sun sha kashi a takwas. 'Yan kallo suka raɗa musu Jakunan Komani. Mcebisi kuwa ba ya yaudarar kansa. Kowace Litinin sai ya tara 'yan wasa a ɗakin sauya kaya, ya kunna hoton wasan Asabar, ya feɗe musu biri har wutsiya.

"Gudu kam kuna da shi, kamar ɓarayin kaji," in ji shi. "Miƙa ƙwallo hannu da hannu, babu wanda ya fi ku a lardin nan. To amma sai an samu ƙwallon ake gudu da ita, ko? Ku dubi nan!" Ya tsayar da hoton daidai wurin turereniya, inda ƙarti takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa su tura takwas na abokan karawa. "Baya kuke yi kamar amalanke a gangara. Kafin minti sittin kowa ya riƙe ƙugu. Wanda ya taho da gudu kuma ku buɗe masa hanya har da sannu da zuwa."

Bayan faɗan akwai al'adar da kulob ɗin ya gada tun kaka da kakanni. Koci zai ɗauko wata tsohuwar koriyar hula, ya ɗora wa wanda ya fi kowa taka rawa a wasan, ya yabe shi a gaban jama'a. Mutum ɗaya ne hular nan ba ta taɓa hawa kansa ba: Vuyisa, kyaftin ɗinsu, ƙanen Mcebisi uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya rena tun rasuwar mahaifinsu, kuma har lokacin a gidansa yake. Ba don bai cancanta ba. Mcebisi dai yana gudun a ce ya yi son kai.

"Bhuti," wato Yaya a harshensu, Vuyisa kan ce da yayan nasa cikin raha, suna cin dafaffiyar masara da wake, "ko kaina ne ya yi wa hular girma?"

"Ci abincinka."

Da shugaban kulob ya ba shi wasa uku ya gyara ko ya tattara komatsansa, Mcebisi ya san maganin. A sayo ƙarti biyu, a yi haƙurin shekara biyu ana horo. Amma haƙuri ne ba shi da shi. Ya ga sa'o'insa a birnin Durban cikin manyan motoci, shi kuwa kullum sai an tura tasa. Abin ya daɗe yana cin ransa, har kwaɗayi ya fi ƙarfin hankali.

Ranar Laraba da tsakar rana ya gangara kwazazzabon kogin Kei, wurin wani boka da ake kira Tata Mahlangeni, wato Baba Mahlangeni. Rana tana tsaka amma cikin bukkar akwai sanyi irin na kabari. Fatar mesa rataye daga jinka har ƙasa. Ƙahonin awaki cike da baƙin kitse, kwalaben ruwan teku jere a gindin bango, hayaƙin wani ganye yana tashi miƙe ba ya karkata. Ga ɗanyen nama a ƙwarya, amma ko ƙuda ɗaya babu. A tsakiyar ɗakin akwai tulu rufe da farin ƙyalle, ƙyallen yana ɗagawa yana sauka a hankali.

Tsohon bai ɗago kai ba. "Mutum nawa ke turawa?"

"Takwas, Tata."

"Zan ƙara maka na tara. Alƙalin wasa ba zai gan shi ba."

Mcebisi ya tambaya, "Nawa zan biya?"

"Mayar da kuɗinka aljihu, ba ya cin takarda. Yana dai son a nuna masa gwani. Shi bai iya zaɓe ba, kai ne mai ido. Duk wanda ka yaba, ya san shi ke nan."

"Saninsa kawai zai yi?"

"Da tambaya ka zo ko da buƙata? Ga ƙofa can a buɗe."

Ƙofar kuwa a buɗe take, yana ganin hasken rana a waje. Kaico! Sai ya ciro koriyar hular nan ta yabo daga jakarsa ya miƙa. Tsohon ya tsoma ta cikin tulun, ta fito a bushe. Ya ce wa Mcebisi ya buɗe baki, ya tsaga ƙasan harshensa da reza, ya shafa wani baƙin gari mai ɗaci. Nan take ƙyallen ya daina motsi.

Ranar Asabar aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Waɗanda ake turawa kamar amalanke suka sunkuya, suka kwashi ƙartin abokan karawa suka yi ta tafiya da su, ciyawa tana tumɓukewa a ƙarƙashin ƙafafu. Salon wasan ma ya sauya. Aka daina miƙe-miƙen nan mai daɗin kallo, sai murƙushewa kawai. Masu sharhi a rediyo suka yi ta yabon basirar koci. Nasara ta bi nasara, kamfanoni suka yi layi, Mcebisi ya sayi baƙar mota, ya koma gidan bene, ya zuba shanu arba'in a ƙauyensu.

Wani ɗan wasa mai suna Phumlani ne ya fara samun hular. Bayan mako biyu ya sunkuya ɗaure takalmi a filin horo, aka ji ƙas! Wuyansa ya karye, babu wanda ya taɓa shi. Aka ce ƙaddara. Sai Gerrit, ƙaton da ke sahu na biyu a turereniya, shi ma bayan ya samu hular. Shi bai mutu ba. An same shi ya kafa kafaɗa a bangon gidansu yana turawa, fata ta saluɓe, yana ihu a ɗauke masa wanda ya hau bayansa. Har yanzu yana asibitin masu taɓin hankali.

A nan Mcebisi ya gane. Kuma a nan ne nake jin haushinsa har cikin raina, domin ya gane ɗin amma bai tsaya ba. Sai ya duba wani baƙon ɗan wasa da ba shi da kowa a garin, ya ɗora masa hular yana murmushi. Aka binne shi kafin ƙarshen wata. Matar Mcebisi, Nomalizo, ta ce tana jin numfashin wani a bayanta duk inda ta juya a gidan, ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta.

Da ya ga 'yan wasa sun fara kallon hular a tsorace, ya ƙona ta, ya koma kwazazzabon da gudu.

"Tata, ya isa haka. Na ƙona ta."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Hula ai tsumma ce. Harshenka yake saurare."

Daga ranar Mcebisi ya kulle bakinsa daga yabon kowa. Ga shi kuma duk kakar wasan babu wanda ya kai Vuyisa. Shi ke ƙwato ƙwallo a ƙasa, shi ke kayar da ƙarti, shi ke tashi da jini ya koma. Mcebisi yana gani, don tsoron kada yabo ya kuɓuce masa, sai ya bi shi da zagi. "Rago! Kana gudu kamar mai ɗauke da buhu!" Ya so ya ajiye shi a benci, shugaban kulob ya ce bai isa ba. Shi kuwa Vuyisa duk zagin da aka yi masa sai ya ƙara ƙaimi, wai ko yayansa zai gani.

A wasan ƙarshe, saura minti biyu ana binsu da maki uku, Vuyisa ya ɗauki ƙwallo, mutum uku rataye a jikinsa, ya ja su har bayan layi ya dire ta. Filin ya kaure da waƙa. Ya ratso jama'a ya zo gaban yayansa, goshi a fashe, hawaye na bin laka a fuskarsa.

"Bhuti, yau fa? Tun ina ɗan shekara tara nake jiran kalma ɗaya daga bakinka. Ɗaya tak."

Mcebisi ya cije leɓe har jini ya fito. "Sa'a ce kawai ka taka," in ji shi. "Wuce ka ba ni wuri."

Vuyisa ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya juya. Mcebisi ya bi bayansa da kallo yana tafiya yana ɗingishi, tausayi da ƙauna suka cika masa ƙirji har suka fi ƙarfinsa. A hankali, ƙasa-ƙasa, yadda ko na kusa da shi bai ji ba, ya ce, "Babu kamarka, ɗan uwana."

Vuyisa bai ji ba. Na taran ya ji.

Taku goma ya yi ya durƙusa kamar an ɗora masa dutse, ya kife a kan ciyawa. Kafin yayansa ya iso ya cika, kuma kalmar ƙarshe da ya ji daga gare shi ita ce ya wuce ya ba shi wuri.

Kulob ɗin ya watse a shekarar. Shanun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gidan benen ya zama kango. Mcebisi yana nan yana yawo a bakin tsohon filin, ba takalmi, ya ɗaure bakinsa da tsumma. Ko sannu ka yi masa ba ya amsawa.

To, kai mai gaggawar arziki, ka ji. Boka ba ya kyauta. Idan ya ce ka riƙe kuɗinka, ya riga ya hango abin da ya fi kuɗi a gidanka, kuma da hannunka za ka miƙa masa.