Biskit Mara Gishiri

Ƙamshin citta da ɓawon lemun tsami ya cika ɗan kicin ɗin gidansu na unguwar Akurba a Lafiya. Rahmat ta durƙusa gaban obin, ta jawo tiren biskit da tsumma. Ta daɗe tana gwada wannan biskit ɗin, wani ya fito da tauri kamar dutse, wani ya marmashe tun bai huce ba. Na yau kuwa ya yi kyau. Ta zuba kaɗan a faranti ta nufi falo, inda mijinta Ashemi yake kishingiɗe, ƙafafunsa a kan matashi.

"Yaya, tashi ka ɗanɗana mini, pilis."

"Rahmat, ki ƙyale ni. Komai na sa a baki kamar ciyawa nake ji."

"Wannan daban ne, wallahi. Babu gishiri, babu gyaɗa, babu madarar gari, ko bekin fauda ban sa ba. Farar fulawa ce da farin ƙwai da bota mara gishiri. Sai da na tambayi Sista Francisca ta asibiti kafin na kwaɓa."

Ya karɓa don kada ranta ya ɓaci. Ya gatsa, ya tauna a hankali, sai ta ga ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu. Idonta ya kawo ƙwalla. Rabon da ya nemi ƙarin abinci da kansa har ta manta.

Da ma biskit ne ya haɗa su. Ashemi ma'aikacin gwamnati ne mai son zaƙi, kullum in ya tashi daga ofis sai ya tsaya a shagonta na kek da cincin da ke bakin kasuwa, har sayayya ta koma hira, hira ta kai su ga aure. Ba su daɗe da tarewa ba hawan jini ya taɓa masa ƙoda. Likita ya hana shi gishiri, ya hana shi kanwa da gyaɗa da ayaba da yawan nama, ya kuma gargaɗe shi a kan duk wani jiƙo na gargajiya. Sista Francisca, ma'aikaciyar jinya a sashen masu ciwon ƙoda, ita ta zaunar da Rahmat ta koya mata yadda za ta riƙa yi masa girki.

Suna cikin haka suka ji keke napep ya tsaya a ƙofa, sannan sallamar Hajiya Sadiya, mahaifiyar Ashemi. Ta shigo da kwando a hannu. Rahmat ta durƙusa ta gaishe ta, amma Hajiya ko kallonta ba ta yi ba, idonta yana kan ɗanta.

"Innalillahi! Ashemi, kai ne ka koma haka? Dubi wuyanka! Mene ne wannan a faranti?"

"Biskit ne, Hajiya, Rahmat ta—"

Hajiya ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta yamutsa fuska. "Wannan abin salam shi ake ba mara lafiya? Ke yarinya, kashe mini ɗa za ki yi da yunwa?"

Ta buɗe kwandon, ta fito da filas na kunun kanwa, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da wata gora cike da baƙin ruwa. "Wannan jiƙo ne, daga wajen wani mai magani na karɓo. An ce yana wanke ƙoda tas."

Rahmat ta matso. "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, dokta ya ce duk waɗannan—"

"Dokta ne ya haife shi? Ni na goya shi, ni na san abin da jikinsa yake so. Tun yana rarrafe yake shan kunun kanwa, me ya same shi? Sai da ya shigo hannunki ciwo ya kama shi!"

Rahmat ta dubi mijinta tana jiran ya ce wani abu. Ashemi ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin Hajiya, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, bai taɓa musa mata ba.

Daga ranar Hajiya ta tare a gidan, ta ce jinya ta zo yi. Duk abin da Rahmat ta girka sai ta ture shi gefe. In Rahmat ta tafi shago, sai ta zaunar da ɗanta ta ɗura masa kunu da jiƙo, shi kuma ya sha don kada ta yi kuka. Rahmat ta lura ƙafafunsa sun ƙara kumbura, takalminsa ma ya daina shiga.

"Yaya, ka gaya mini gaskiya, kana shan abin nan?"

"Kaɗan ne, Rahmat. Uwata ce fa, yaya kike so in yi?"

"Ni kuma so nake ka rayu!" ta faɗa tana kuka. "Ka fi son ka faranta mata yau, gobe ta rasa ka gaba ɗaya?"

Ya kawar da kai gefe. Rahmat ta fita tsakar gida, ta ɗauki gorar jiƙon ta tuttular a kwata. Ƙarar zubar ruwan ce ta fito da Hajiya daga ɗaki.

"La'ilaha illallahu! Maganin ɗana kika zubar? To ta tabbata, ba kya son ya warke! Ashemi, fito! Yau ko ni ko ita a gidan nan. In ba ta fita ba, ni zan fita, kuma ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Ashemi ya fito yana dafa bango. Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa.

"Rahmat… ki je gida tukuna. Har ƙura ta lafa."

"Yaya, ni kake kora?"

"Ba saki ba ne. Ki je kawai, don Allah."

Ta haɗa kayanta hawaye na zuba. Kafin ta fita ta durƙusa gaban Hajiya ta ce, "Na yi kuskure da na zubar ba da izininki ba, ki yafe mini. Amma don girman Allah kada a ba shi kanwa." Hajiya ta juya mata baya.

A garinsu Doma, mahaifiyarta Inna Rabi'a ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ja tsaki.

"Allah ne ya fitar da ke. Yarinya ɗanya kamarki, kin rame kin lalace a kan jinyar miji, sakayyarki kuma kora? Ki zauna. Babanki zai je ya karɓo miki takardarki."

"Inna, ni ba saki nake so ba."

"To me kike so? Ki zama bazawara mai takaba? Ciwon ƙoda fa ba zazzaɓi ba ne!"

"Lokacin da yake da lafiya ban guje shi ba, Inna. Yanzu da ya fi bukatata ne zan guje shi? Ba halinsa ba ne, tsoron fushin uwa ne."

Inna Rabi'a ta girgiza kai ta bar ta. Rahmat ta yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka, domin Hajiya ta karɓe wayar. Abinci ya daina shiga mata. Da zaman ya ishe ta, sai ta zuba yashi a babbar tukunyar Inna, ta ɗora a gawayi, ta mayar da ita obin. Ta riƙa gasa biskit ɗin nan tana shiga mota zuwa Lafiya, ta kai wa Sista Francisca ta raba wa masu ciwon ƙoda da likita ya yarda su ci.

"In mijina bai samu ba, wasu su samu," in ji ta. "Wataƙila addu'arsu ta kai gare shi."

"Kai, Rahmat, kina da zuciya," in ji Sista Francisca da irin Hausarta. "Su mutanen nan, komai an hana su. Ranar da kin kawo wannan, kaman Sallah ne a ɗakin marasa lafiya."

A can Akurba kuwa, jikin Ashemi ya ci gaba da rikicewa. Fuskarsa ta kumbura, amai ya sa shi gaba, fitsari ya ragu. Hajiya ta ce ciwon ne yake fita, ta sake karɓo wata gorar. Wata safiya ya tashi zai yi alwala, numfashinsa ya sarƙe, ya dafe ƙirji ya zube a bakin famfo.

"Wayyo Allah! Jama'a ku taimake ni! Ashemi! Ashemi!"

Maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti. Bayan an yi gwaje-gwaje an shiga da shi ɗakin wankin ƙoda, likita ya kira Hajiya ofishinsa.

"Mama, me yake ci a 'yan kwanakin nan? Zuwansa na baya jininsa ya yi kyau sosai, har na yaba wa matarsa. Yanzu kuwa gishirin jikinsa ya hau, saura kaɗan zuciyarsa ta tsaya."

Muryar Hajiya ta yi ƙasa. "Kunun kanwa ne… da ɗan nama… da jiƙo."

Likitan ya cire tabarau ya ajiye. "Mama, na san don ƙauna kika ba shi. Amma ƙodarsa ba ta iya tace waɗannan abubuwan, taruwa suke yi a jini su zama guba. Ina matar tasa?"

Hajiya ta miƙe. Ta fito ta zauna a benci, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. "Ni da hannuna," take ta maimaitawa. "Ni da hannuna!"

Allah ya sa Ashemi ya farfaɗo, amma ya ƙi cin komai. Ya juya fuska ga bango, ko magana ba ya yi. Hajiya ta yi lallashi har ta gaji, ga shi yanzu tsoron ba shi komai take yi. Sista Francisca, wadda ta dawo daga hutu a ranar, ta shigo da 'yar roba a hannu.

"Oga Ashemi, ko ba ka ci tuwo ba, gwada wannan. Dokta ya yarda."

Ya karɓa da ƙyar. Yana kai shi baki ya tsaya cak. Citta da lemun tsami. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne.

"Sista, wa ya kawo wannan?"

"Matarka mana. Tun daga Doma take kawowa, ko sau ɗaya ba ta fasa ba. Duk zuwa sai ta tambaye ni ko ka zo kilinik. Ba ta sani ba kana kwance, yanzu zan kira ta."

Ashemi ya juyo ya dubi mahaifiyarsa. A karo na farko a rayuwarsa ya yi mata magana ido cikin ido, cikin ladabi amma ba rawar murya.

"Hajiya, na bi umarninki na zalunci baiwar Allah. Laifina ya fi naki, don ni na ji bayanin likita da kunnena, na yi shiru. Ina neman izininki in dawo da matata."

Hajiya ta share hawaye ta miƙe, ta riƙe hannun Sista Francisca. "Kada ki kira ta, 'yata. Ba a waya za a ba ta haƙuri ba. Ni na kore ta, ni zan je."

Da azahar ta isa Doma. Ta tarar da Rahmat a tsakar gida gaban tukunyar yashi, gumi ya jiƙa mata riga. Rahmat na ganinta ta saki murfin tukunyar.

"Hajiya! Lafiya? Ya mutu ne?"

"Yana raye, 'yar nan, yana raye." Hajiya ta yi niyyar durƙusawa, Rahmat ta yi sauri ta tare ta.

"Subhanallahi, Hajiya, ke fa uwata ce!"

"Ban yi miki halin uwa ba. Kin gaya mini gaskiya na kira ki makashiya, ashe ni ce na kusa kashe shi. Ki yafe mini, ki zo ki riƙe mijinki."

Inna Rabi'a, da ta fito da niyyar faɗa, ta ga dattijuwa tana kuka a gaban 'yarta, sai ta fasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafin Rahmat ta miƙa mata. "Je ki. Kin fi ni gani. Allah ya ba shi lafiya."

Da Rahmat ta shiga ɗakin asibitin, Ashemi ya yi yunƙurin tashi, ta mayar da shi.

"Rahmat, sori… ban san da wane baki—"

"Ka bari sai ka warke, Yaya. Lokacin zan yi fushina da hujja."

Ya yi dariya cikin hawaye, ita ma ta yi.

Ciwon bai rabu da shi gaba ɗaya ba, domin ƙoda in ta taɓu sai lallaɓawa. Amma da magani da kiyaye abinci, likita ya dakatar da wankin, kumburin ya saɓe, Ashemi ya koma ofis. Rahmat ta ware wata kanta guda ta biskit ɗin a shagonta don masu irin lalurarsa, kuma duk wanda ya zo saye sai ta ce ya fara tambayar likitansa, tunda ba kowane mara lafiya ne abu ɗaya yake yi wa daidai ba.

Hajiya kuwa ta zama mai gadin ƙofa. Ranar da dangi suka cika gidan da kulolin abinci don yi masa barka, ita ta tsaya tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan da kanwa, a kai wa yara. Wannan gishiri ya yi yawa. Duk abin da zai shiga bakin Ashemi, sai 'yata Rahmat ta gani ta yarda!"

Rahmat tana jin ta daga kicin, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah.

Haka rayuwa take, 'yan'uwa. Ƙauna in babu sani tana iya cutar da wanda ake so, kuma biyayya ga iyaye ba ta nufin a ɓoye musu gaskiya. Rahmat ba ta rama zagi da zagi ba, ba ta guji mijinta don ciwo ba. Ta yi haƙuri ta ci gaba da alheri, sai Allah ya mayar mata da mijinta, ya kuma ƙara mata da uwa.