Bencin Horo

Kai, jama'a! Lahadi bakwai ke nan mai sharar coci tana zaune a bencin horo, can baya kusa da ƙofa inda ake ajiye masu laifi, ana wuce ta da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, kamar ba mutum ba. Mijinta ya rasu, iyaye babu, ba ta da mai tsaya mata. Laifinta? Wai kullum da hantsi ana ganin ta shiga ɗakin tsohon mai wa'azi ta turo ƙofa!

Ikkilisiyar nan fa ta daɗe da yin sanyi ƙalau. A zo sujada a makare, a yi ta latsa waya, addu'ar safe kuwa sai kujeru. Tsohon da ya yi musu baftisma ya samu shanyewar ɓarin jiki wata takwas, ba wanda ya leƙa shi. Amma duk Lahadi surukarsa, matar ɗansa kuma shugabar zumuntar mata, sai ta miƙe da ɗaurin kallabi kamar hasumiya ta ce, “Mun ziyarci Baba, yana gaishe ku.” Ƙarya tsagwaronta! Da ta ji mai shara na zuwa, tsoron tonon asiri ya sa ta kai ƙara gun dattawa, su kuma ko tattaki ba su yi ba suka yanke hukunci.

Ranar mai shara ta yi kuka har muryarta ta dushe... “Ya Ubangiji, ina share gidanka, su share ni? Na gaji! Addu'a ma ta ƙi fita bakina.” Duk da haka gari na wayewa ta ɗauki bokitinta ta tafi wurin tsohon, ba ta gaya masa komai ba.

A bakin maƙwabci tsohon ya ji labari. A Lahadi ta takwas, ana tsakar rabon Jibi, sai ga shi an turo shi a keken guragu, bakinsa a karkace, idonsa jajir.

“Fasto, dakata!” in ji tsohon. “Wane ne a cikinku ya san launin labulen ɗakina? Ke surukata, faɗa musu!”

Shugabar mata ta hau kame-kame, “Baba, ai... ai hidima ce ta yi mini yawa...”

“Hidimar wa? Na ruɓe a kwance, yarinyar can ta wanke gyambon bayana, ta karanta mini Zabura. Ta turo ƙofa ne don ta rufa mini asiri! Kun bar Allah a bencin baya kuna ta rera masa waƙa a gaba. Tir da ku!”

Fasto ya sauko da ƙoƙon yana hawaye, ya ratsa cocin har baya, ya durƙusa gaban mai shara. “'Yar'uwa, ki yafe mana.” Ta karɓa, addu'ar da ta maƙale mata sati bakwai ta ɓalle da kuka, jama'a suka zube gwiwa bibbiyu.

Nan take dattawa suka tuɓe shugabar mata, suka nuna mata bencin. Ta taho kai a sunkuye. Mai shara ta tashi ta kakkaɓe mata wurin da gefen zanenta.

“Yaya, zauna ta dama,” ta ce. “Akwai ƙusa ta hagu, tana yaga zane.”