Tsumma a Bakin Tiyo

Shekarar da kuɗin mai ya cika gari, Iliyasu mahauci ya sayi iyakwandishan. Duk layinsu a Agege babu mai irinta, bai kuma bar kowa ya manta ba. Amma a yi masa adalci, don jaririyarsa Zuliha ya saya, wadda ƙurajen zafi suka hana barci.

Abdulganiyu, wanda ya kafa injin, ya jona tiyon fitar da ruwa ya zura shi ta bayan ɗakin, wani lungu tsakanin katanga da kwata. Ya ce, "Oga, abeg, kar ka bari ya toshe. In ya toshe, ɗaki ruwan zai dawo."

Ya kuwa dinga toshewa. Kuma ba gansakuka ba ce, tsumma ne, an cusa shi tam. Iliyasu ya zare, ya zagi maƙwabta, gobe ya tarar da wani.

Matarsa Fatu ta ce, "Baban Zuliha, ko ruwan wanke-wanke ba na zubarwa a lungu sai da bisimilla. Wannan injin wa yake yi masa?"

Ya yi dariya har da buga cinya.

Ran nan gab da magariba ruwa ya biyo bango har kan katifa. Ya ɗauki wayar ƙarfe ta zungurar tiyo ya zagaya a fusace. Lungun ya riga gari yin duhu. Warin kwata, kukan sauro, injin na gurnani bisa kansa. Ya tsuguna ya fizge tsumman, ya zura waya. Ruwan da ya taru ya ɓalle gaba ɗaya, sanyi ƙarara.

Bai ji zubarsa a ƙasa ba. A kan wani abu ya sauka.

Sai tari. Ɗan ƙaramin tari na jariri. Ya sarƙe, ya tsaya.

"Zanena nake yagawa," in ji wata muryar mace, ƙasa-ƙasa, dab da gwiwarsa. "Na toshe, ka buɗe. Na toshe, ka buɗe. Ina zan kai ɗana? Ko'ina kun gine."

Babu kowa. Tsumman da ke hannunsa da ɗumi, kamar yanzu aka cire shi daga jiki.

"Ya yi sanyi," ta ce.

Sai ta tambaye shi:

"Taka tana da ɗumi?"

Ya zura da gudu, kafaɗarsa na gogar katanga. A ƙofar ɗaki ya ci karo da Fatu rungume da Zuliha. "Taɓa ta ka ji," in ji Fatu. Jikin yarinyar sanyi ƙarara.

Washegari aka cire injin. An yi sadaka, an sha rubutu, likita ya auna ya ce bai ga komai ba. Iliyasu ya yi ta komawa lungun yana ba da haƙuri har muryarsa ta dishe, ba a amsa ba. Wallahi abin tausayi.

Zuliha ba ta mutu ba, ba ta kuma warke ba. Tsakar rana, Legas na tafasa, za ka ga Fatu gaban murhu goye da ita cikin bargo, gumi na tsiyaya daga haɓarta. Ta ce kowace safiya sanyin ƙaruwa yake. Yanzu ko an tsikari Fatu a baya ba ta ji, saboda sanyin goyon, amma ta ƙi sauke ta.