Doyar da Ba Ta Shiga Littafi Ba

Ni na fara gani. Kafin ƙawayenta, kafin matan coci, kafin ita kanta Merihda ta sani, ni Sepio na san jikata ta kamu da son mai littafin nan. Ban yi boko ba, amma wanda guguwa uku ta kwashe masa rufi ta bar shi tsaye, ba a ɓoye masa kallon yarinya.

Welsin sunansa. Ɗan tsibirinmu ne, sai dai a Honolulu ya girma, ya dawo da digirin tsirrai yana bi gida-gida yana rubuta ire-iren doya. Ranar farko, muna shan sakau, abin shanmu na saiwa, ya buɗe baki a gaban maza:

"Kaka, a ina ka shuka taka?"

Aka kwashe da dariya. A tsibirinmu Pohnpei a tambayi namiji inda doyarsa take!

"Ɗan nan, malaman naka ba su koya maka kunya ba? Ni ba ni da doya, ko ta ƙosar da ɓera."

Haka ake cewa. Alhali tawa mutum takwas ke ɗauka a sanda zuwa gaban sarki. Da hannuna na fitar da irin, na sa masa sunan marigayiya matata. Ɗana teku ta cinye shi, don haka Merihda kaɗai na nuna wa wurin, can cikin kurmi.

Wata shida yana zuwa. Ya koyi zama, ya koyi shiru. Har na fara cewa a raina wannan zai yi suruki.

Sai wata safiya na tarar da jan ƙyalle mai lamba ɗaure a bishiyar da doyata ke hawa. An yanki gefe guda na doyar, an mayar da ƙasa. Na kira Merihda.

"Ke kika kai shi?"

"Kaka, ciwo na cin doya a ƙetaren kogi... ya ce in aka ajiye yanki ɗaya a lambun bincike, ko taka ta mutu..."

"Tawa ta mutu? Tawa!"

"Don kai na yi, Allah ya sani!"

"Kin tuɓe kakanki a gaban baƙo. Ko shi, ko gidan nan."

Da rana ya zo ya durƙusa. Ya ajiye yankin a ganyen ayaba, ya yage shafin daga littafinsa ya ɗora a kai.

"Ga abinka, Kaka. Laifina ne, ba nata ba."

Na tura yankin cikin garwashi. Da ya gasu na ɓare na cinye a gabansa, ban bar ko ɓawo ba.

Ya juya gare ta.

"Merih... jirgi ranar Alhamis ne. Ki zo, masoyiyata."

"Wa ya rage masa, Welsin?"

"To zan jira."

"Kada ka jira, rabin raina. Ka san shi... sai ya kai shekara ɗari don ya ba mutane haushi."

Ta yi dariya, hawaye na shiga bakinta. Ranar Alhamis kifi ta dafa mini, gishiri ya yi yawa.

Bayan shekara biyu ciwon ya ƙetaro kogi. Ganyen doyata ya yi baƙi. Na haƙa, hannuna ya nutse cikin ruɓa. Merihda na tsaye a bayana. Ba ta ce "ai na faɗa" ba. Ta karɓi sandar haƙar ta riƙe ni muka sauko.

Maƙwabtan da suka ba shi nasu, an dawo musu da iri daga lambun, suna ta shuka.

Bara littafinsa ya iso. Farfesa ne yanzu, an ce da 'ya'ya biyu. Kowane shafi da hoton doya da sunan mai ita, har na ragwayen da ba su kai ƙafata ba. Shafi ɗaya fari fat, sai ɗan layi a ƙasa. Na ce ta karanta mini.

"Na irin da ba a ba ni izinin faɗar sunansa ba... da wadda ta zauna."

Ta rufe, ta tafi wanke tukunya mai tsabta.

To kun ji. Duk tsibirin nan ni kaɗai ne ban shiga littafi ba, asirina na nan cikin cikina. Wanda ya ce Sepio ya yi nadama, gidana ba ɓoyayye ba ne, ya zo ya faɗa a idona! Amma ya zo da safe. Da yamma Merihda kan zauna a bakin ruwa tana kallon hanyar jirgi, ni kuma lokacin hayaƙin murhu na damun idona.