Haɗin Gajiya a Takardar Siminti

Da safiyar Laraba Insifekta Yakuba yana shan shayinsa a komisariyar 'yan sandan Malbaza, ransa fes, sai majo, babban ma'aikacin jinya na asibiti, ya kira shi. An kawo wani manomi mai suna Labo, ya faɗi a gona yana aman jini bayan ya sha magani. Uban matarsa ya ce a depon Tsahara, wani ɗan shagon magani, aka sayo shi, har jami'an lafiya sun garƙame wurin da kwaɗo.

Yakuba ya san depon. Shekara uku Tsahara ta yi tana sintiri daga wannan buro zuwa wancan kafin a ba ta takardar izini, kuma da ita take ciyar da gidanta. In zargin ya tabbata, takardar ta tafi ke nan.

A asibiti ya tarar da Labo ya farfaɗo, an sa masa ruwa. Surukin nasa, wani dattijo mai suna Attahiru, yana zaune a gefen gado.

"Labo, ina ka samu maganin?"

"Wajen matar ga ta depo," in ji Attahiru.

"Baba, shi nike tambaya."

Labo ya sunkuyar da kai. Majo ya miƙo abin da aka samu a aljihunsa, ƙwayoyi biyar a naɗe cikin 'yar takarda ruwan ƙasa. Yakuba ya murza ta, ƙurar siminti ta kama masa yatsa.

Tsahara na zaune a inuwar maƙwabta tana kallon ƙofarta. Yakuba ya isa ya buɗe mata takardar.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni ɓare magani. Cikin ledarshi nike bayarwa, na ciwon kai da na mura. Mai ƙarfi kuwa sai da takardar likita." Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta juya. "Wanga ja ne da, rana ta cinye mai kala. Ya daɗe bisa tiren mai talla. Je wajen direbobin siminti."

A bakin masana'antar siminti, inda manyan motoci ke jiran lodi, wani direba, Tanimun, ya rantse bai taɓa ganin irin abin ba. Yakuba ya nuna masa tarin irin takardun ƙunshin da ke ƙarƙashin kujerar motarsa. Tanimun ya yi dariya.

"To, haɗin gajiya ne. Ka watsa biyar baki ɗaya, ka tuƙa har Yamai. Ga araha, ga shi ba layi."

"Wajen wa kuke saye?"

"Wani tsoho mai tire. Yau bai hito ba, an ce mijin ɗiyatai ba lahiya."

Yakuba ya koma asibiti bai ko yi sauri ba. Ya sa majo ya fita da Attahiru, ya ja kujera kusa da gado. Ya san ko wuƙa aka sa wa Labo a wuya ba zai ambaci sunan surukinsa ba, balle ya ƙaryata shi a gaban mutane.

"Ban ce ka faɗi suna ba. Tsahara ta saida maka?"

"A'a."

"Saye ka yi?"

"Ba ni anka yi. Ƙunshi ukku, na sha biyu tare da sahe, ban karya ba."

"Ka so sha?"

"Ranka shi daɗe, babba shi miƙo ma abu da hannunai, ka ce ba ka so?"

Tausayin mutumin ya kama Yakuba ƙwarai.

A waje ya iske Attahiru yana jan carbi da ƙarfi. Ya ajiye masa takardar a cinya, ya ce direbobi na gaishe shi. Carbin ya tsaya.

"Wallahi taimako niy yi," in ji dattijon. "Na ga noma ya kada shi, nib ba shi kyauta. Da nig ga jini sai tsoro ya kama ni."

"Mi ya sa ka ɗora ma Tsahara?"

"Ita tana da takarda. Na ɗauka takarda za ta tsare ta. Ni ba ni da kowa sai tire."

"Kai kana shan haɗin?"

"Allah shi kiyaye! Ni in kaina na ciwo, wajenta nike zuwa."

Majo ya juya baya don kada a ga dariyarsa. Yakuba bai sa wa Attahiru ankwa ba, ya dai riƙe hannunsa zuwa mota, suka biya gidan dattijon aka ɗauko tiren.

Bayan la'asar jami'in lafiya ya zo ya cire kwaɗon. Tsahara ta yi hamdala, ta share ƙofa. Wadda ta fara shigowa matar Labo ce, idonta jawur, riƙe da takardar likita. Ta tsaya nesa, kunya ta hana ta matsowa.

Tsahara ta miƙa hannu.

"Kawo in gani, ƙanwata. Yaya jikin nashi?"